Sikelin Jatau

Shekara talatin ina awon riɗi da zoɓo a kasuwar Taura,
ban taɓa tauye wa kowa ba, a je a tambaya.
Shi ya sa da injiniya ya baje takardarsa a tabarmar mai unguwa
aka ce, Jatau, kai ka san nauyi,
auna mana magudanar nan.

To, na ɗauko sikeli.

A kwanon dama na fara da kuɗi.
Hukuma ta ce siminti da rodi nata ne,
yashi, tsakuwa da gumi namu,
sannan kowane gida buhun gero.
Buhu ba wasa ba ne a gidan Uwale
mai riƙon marayu huɗu da cinikin ƙuli-ƙuli.
Na ɗora rumfar Talle mai faci, jan fenti ya riga ya ratsa ta.
Na ɗora zauren Malam Nomau, taku uku za a yanke.
Na ɗora durumin da mahaifina ya dasa
shekarar da aka yi mini kaciya.
Kwano ya sauka har ya sumbaci ƙasa.

Na juya hagu.
Katanga goma sha bakwai da suka durƙusa bara a dare ɗaya.
Rumbun Barau, dawa ta tsiro tun tana dami.
Kwana arba'in muna barci a ajin firamare,
tabarma a kan benci, awaki a ofishin hedimasta.
Sauro, da bashin allura da har yau ke littafin mai kemis.
Sai Dije, 'yar shekara uku,
wadda azara ta riga uwarta isa gare ta.
Na ɗauko sunanta zan ɗora, hannuna ya ƙi.
Ba ni da dutsen da ke auna wannan.

Ina shirin buɗe baki Inna Tabawa ta buga sanda daga bayan maza:
Yaro, in ruwan ya bar mu, gidan wa za shi?
Yatsan injiniya ya bi shuɗin layi, ya bi, ya bi,
har ya faɗo daga bakin takarda.
Can inda takarda ta ƙare akwai fadama,
akwai shinkafar mutanen gangare,
akwai Lantana, 'yata ta biyu, da goyonta.
Ruwa ba ya mutuwa, ƙaura yake yi.

Talle ma ya ce nasa:
Magudana akuya ce, ba saye ne wuya ba, kiwo.
Wa zai yashe leda da toka kafin ruwan fari?
Kowa ya dubi ɗan'uwansa.
Wasu suka dubi takalmansu.

Kwana uku ban ce komai ba.
Na tafi gangaren da ƙafa, na sha ruwa a randarsu,
na ga tsohon kududdufin da kakanni suka ɗebi ƙasar gini,
bakinsa buɗe, cikinsa ba kowa sai kwaɗi.
Taku ɗari huɗu ne daga inda takarda ta tsaya.
Taku ɗari huɗu, rabin buhu ke nan kan kowane gida.

Ranar Juma'a na ce a haƙa.
A ja ta har kududdufi ko a bar ta kwata-kwata,
ba ma wanke ƙafa a kwanon tuwon maƙwabci.
Asabar ɗin farko ta kowane wata, gayyar yasa.
Rabon Uwale a rubuta a kaina.
Ban ce ba asara ba, na ce wannan ta fi sauƙin ɗauka.

Barau ya yi kabbara. Malam Nomau ya tashi bai yi sallama ba,
har yau in mun haɗu a masallaci sahu yake sakewa.

Jibi masu gatari za su zo.
Yau da azahar na shimfiɗa buzu a gindin durumi,
na auna inuwarsa da ƙafata,
taku ashirin da ɗaya.
Ban san a wane kwano zan sa ta ba.